Batura biyu a waya ɗaya: nazarin wata gobarar baranda a Jidda

Motar wasa ce ta rimot, amma ba irin ta yara ba. Tsawonta ya haura rabin mita, nauyinta ya kusa kilo 5, kuma idan ta samu cikakkiyar wuta takan wuce kilomita 80 a awa. Samari da yawa a Jidda da Makka sun kamu da son irinta, har da 'ya'yan Hausawan nan. Ranar Juma'a da yamma sukan fita filayen rairayi na bayan gari, wajen Bahra ko Usfan, su yi ta hawan tudu da su har duhu ya shiga. Wadda wannan nazari ya shafa ta wani saurayi ce ɗan shekara 22, yana zaune da iyayensa da ƙannensa a hawa na uku na wani benen haya. Can suka koma bayan rushe-rushen unguwannin kudancin Jidda na 2022, wanda ya tashi Gulail da Karantina da maƙwabtansu. A tsohon gidansu akwai tsakar gida. A nan kuwa sai 'yar baranda guda, da matakala ɗaya tak da duk mutanen benen ke bi.

A wannan baranda batirin motar ya kama da wuta yana kan caji, wani dare bayan sallar isha, a ƙarshen lokacin zafi. Ba wanda ya ƙone, alhamdu lillahi. Caja ta narke, kayan shanya sun tafi, bango ya yi baƙi har sama. Sana'ata gyaran kayan lantarki ce, mahaifin yaron kuma aminina ne, don haka da safe aka kira ni in duba. Abin da na tarar shi ya sa na ga ya dace a rubuta, domin babu na'ura ɗaya a cikin kayan da ta ƙi aikinta. Kowacce ta yi abin da aka ƙera ta ta yi. Yadda aka haɗa baturan ne ya rufe musu ido, ɗaya bayan ɗaya.

Yadda aka kai ga haɗin

Batirin waɗannan motoci nau'in litiyam ne da ake kira LiPo. Ba shi da gwangwani. Ƙwayoyi ne masu faɗi, kowacce a cikin jaka mai laushi ta aluminiyam, an ɗaure su wuri ɗaya. Kowace ƙwaya bolt 3.7 take bayarwa a tsaka-tsaki, 4.2 idan ta cika, kuma ba a son ta sauka ƙasa da 3.0. Lambar da ke jikin batir ita ke faɗin yawan ƙwayoyin da aka jera a ciki: 2S biyu, 3S uku, 6S shida. Mai 3S ke nan yana da bolt 11.1, in ya cika 12.6. Babu allon kariya a cikinsa irin na batirin waya ko na laftof, kuma da gangan aka bar shi haka, don ya iya zubo wuta mai yawa a lokaci guda. Kariyarsa duk a waje take: caja, da na'urar sarrafa gudu da ke cikin motar, wadda 'yan wasan ke kira ESC, sai kuma idon mai shi.

Yaron ya sayi motar ta hannu ne, wajen wani da ya tallata ta a intanet. Mai gurbin batir biyu ce, ɗaya a kowane gefe, kamar yadda kamfanoni irin su Traxxas ke ƙera manyan motocinsu. Amma batir ɗaya aka haɗo masa, an rubuta masa 3S, 5000mAh, 50C (mAh ita ce cikin batir, wato yawan wutar da yake ɗauka; lambar C kuma saurin da zai iya zubo ta). Mai sayarwa ya ce ɗayan ya mutu ya jefar. Wannan magana kaɗai ta isa shaida, domin batura biyu da suka yi aiki tare shekarunsu ɗaya ne, wahalarsu ɗaya. In ɗaya ya mutu, ɗan'uwansa ma yana kan hanya. Yaron bai ba ta nauyi ba. Ya yi watanni yana tuƙi da guda ɗayan, mota na tafiya amma tana nishi a kan tudu, abokansa masu 6S suna barin sa a baya.

Injin motar an rubuta masa 2050KV, wato juyi 2,050 a minti kan kowane bolt idan ba kaya a kansa. Da bolt 11.1 yana yin wajen juyi 22,700, da 22.2 ya haura 45,000. Kwaɗayinsa na ƙarin wuta ba na banza ba ne. Ya kuma duba takardar na'urar gudu ya ga tana ɗaukar har 6S, abin da wasu ba sa yi sai sun ga hayaƙi. Har nan dai yana kan hanya. Sai ya je ya sayo sabon batir guda, na wani kamfani daban, ya tsaya ya tabbatar lambobin jikinsa sun zo daidai da na tsohon: 3S, 5000mAh, 50C. A ganinsa ya gama lissafi.

Haɗin jere, wanda masu aikin wuta ke ce wa siris, shi ne a ɗauki jar wayar batir na farko a haɗa da baƙar wayar na biyu, sai kawuna biyun da suka rage su tafi wajen na'ura. Bolt yana taruwa: 11.1 da 11.1 sun zama 22.2. Cikin batir kuwa ba ya taruwa. 5000mAh da 5000mAh a jere suna nan a 5000mAh. Babban abin lura shi ne hanyar guda ɗaya ce. Duk wutar da ta fita daga wannan sai ta ratsa ta wancan, ba ragi ba ƙari. Tamkar shanun huɗa ne a karkiya ɗaya: in aka haɗa bijimi mai jini a jika da tsohon sa, garma ba za ta sassauta wa tsohon ba, tafiyar ƙaramin ce za ta ja shi har ya durƙusa.

Lambar jikin batir labarin ranar da ya fito daga masana'anta take bayarwa, ba labarin yau ba. Na tambayi yaron: lokacin da kake tuƙi da tsohon shi kaɗai har mota ta yanke, nawa caja ke nuna ta zuba masa? Ya ce, "Kawu, ba ya wuce 3,400 ko 3,500." Lafiyayyen mai 5000 da aka sha har mota ta yanke yakan karɓi fiye da 4,000. Ke nan tsohon ya riga ya koma mai wajen 3,600 tun kafin a yi masa aboki. Tsakaninsa da sabon akwai tazarar kusan 1,400mAh, kuma shaidar tana kan fuskar cajarsa duk mako.

A nan akwai wani tarko da nake so a lura da shi, don ya kama waɗanda suka fi wannan yaro daɗewa a harkar. Bayan ya fara haɗa su a jere, yakan yi wa kowanne caji daban, sai ya ga caja ta zuba musu kusan adadi ɗaya. Ya ɗauka alamar sun dace da juna ce. Alhali dole ne adadin ya zo ɗaya, tunda wuta ɗaya ce ta ratsa su. Abin da adadin ba ya nunawa shi ne, 3,600 da aka ɗiba daga sabon ta bar masa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, ta tsohon kuwa ta kai shi har gindi. Ma'aunin gaskiya shi ne bolt ɗin kowace ƙwaya bayan an gama tuƙi an bar batir ya huta, kafin a sa caji.

Ban da ƙarancin ciki, tsohon batir yana da turjiya. Kowace ƙwaya tana ɗan tare wutar da ke ratsa ta, kuma wannan turjiya tana ƙaruwa da tsufa. Na auna ƙwayoyin sabon da cajata, kowacce wajen miliom 3 (miliom ma'aunin turjiya ne). Batirin da ya sha wahala irin wancan yakan kai 15 ko fiye. A ɗauka mota na jan amfiya 80 a kan tudu. Ƙwaya mai miliom 3 za ta faɗi da bolt 0.24, ta fitar da zafin wat 19. Mai miliom 15 za ta faɗi da bolt 1.2, ta fitar da wat 96, ninki biyar. Yaron ya tabbatar mini cewa duk ranar da ya buɗe motar, gefe ɗaya ɗumi ne kawai, ɗaya gefen kuwa da ƙyar yake taɓuwa. Ya zaci kusancin inji ne ya jawo. Daga baya ma tsohon ya fara ɗan tasowa, yana danne shi da maɗaurin gurbin don murfi ya rufu.

Abin da na'urar gudu ke gani

Na'urar gudu tana da tsaro: idan wuta ta sauka zuwa wani mataki sai ta rage gudu ko ta yanke. A motarsa an saita ta a bolt 3.2 kan kowace ƙwaya. Sai dai wayoyi biyu ne kawai ke shiga cikinta, ja da baƙa. Ba ta san ƙwayoyi shida ɗaiɗai ba, jimilla take gani. Shida sau 3.2 ya zama 19.2, don haka muddin jimilla ta haura 19.2 tana ganin lafiya lau.

A yi lissafin da batura marasa daidaito. Sabon, da sauran ƙarfinsa, yana riƙe da wajen 3.6 a kowace ƙwaya ko da mota na ja, wato 10.8. A cire daga 19.2, saura 8.4. Ma'ana tsohon zai iya faɗuwa har 8.4 kafin na'ura ta motsa, 2.8 ke nan a kan kowace ƙwaya in sun raba daidai. To ba sa rabawa daidai. A tsohon batir akwai wadda ta fi rauni. Biyu na iya zama a 3.1, ta ukun tana 2.2. Wannan ya faru ba sau ɗaya ba, kowace Juma'a ana ƙara cin wannan ƙwaya, na'ura kuma ba ta da hanyar sani. Lafiyar sabon batirin ita ce ta rufa wa tsohon asiri har ya lalace.

Fita ta ƙarshe ta ƙara wani abu a kai. Mota ta yanke ana tsaka da tsere, rana ba ta gama faɗuwa ba. Ya cire fulogi, ya jira kaɗan, ya mayar, don ya san batir in ya huta wutarsa kan ɗan farfaɗo. Na'urarsa an bar ta ne a kan ta ƙirga ƙwayoyi da kanta duk lokacin da aka sa fulogi, kuma da jimilla take ƙirgawa. Ƙwayoyi shida da suka sauka zuwa 3.5 suna ba da bolt 21.0. Ƙwayoyi biyar cikakku, 4.2 sau biyar, su ma 21.0 ne. Na'urar tana sanar da ƙirgarta da ƙara, kuma yaron ya tuna cewa a wannan karo ƙarar ba ta cika yadda ya saba ji ba. Idan ta ɗauka biyar ne, iyakarta ta koma 16.0, an ƙara wa ramin zurfin fiye da bolt 3, kuma kusan duk a kan tsohon batirin zai sauka. Ya samu 'yan mintocinsa. Daga nan ya zuba kayan a bayan motar gidansu, suka kwana, suka kuma yini a rana ranar Asabar.

Daren Asabar

Da ya ɗauko su ya fara da hanyar da ta dace. Kowane batirin LiPo yana da fulogi biyu: babba mai kaurin waya, da ƙaramin fari mai siraran wayoyi, huɗu a mai 3S, wanda ke ba caja damar ganin kowace ƙwaya ita kaɗai ta kuma daidaita su. Ya sa tsohon da fulogi biyun. Caja ta yi ƙara ta ƙi. Allah Ya sa ya ɗauki hoton fuskarta da wayarsa ya tura wa abokansa a WhatsApp, kuma wannan hoto ne mafi ƙarfin shaidar da na samu. Ƙwayoyin tsohon: 3.10, 2.90, 1.60. Na sabon, da ya gwada bayan nan: 3.72, 3.71, 3.72.

Ƙwayar da ta kwana ta yini a 1.60 cikin zafi ta gama aiki. Idan ƙwayar litiyam ta faɗi can ƙasa, siririn tagullar da ke cikinta yakan fara narkewa cikin ruwan batirin. In aka sake turo mata wuta, tagullar na sake daskarewa a inda bai kamata ba, har ya iya huda 'yar fatar da ta raba ɓangarorin biyu, wuta ta haɗu a ciki. Don haka cajar ta ƙi. Ba lalacewa ta yi ba, gargaɗi ta yi.

Shi kuwa yana da fita gobe da abokai. Sai dabara ta zo masa: ya haɗa baturan biyu da wayar jeren da yake amfani da ita a mota, ya sa babban fulogi kaɗai a caja, ya zaɓi 6S ba tare da daidaitawa ba. Yanzu ita ma caja ta koma ganin jimilla. Sabon 11.15, tsohon 7.60, a haɗe 18.75. In an raba shida ya haura 3.1 kowacce. Caja ta karɓa, ta fara turo amfiya 5. Ya ajiye kayan a kan tayil ɗin baranda, kusa da bayan na'urar sanyaya ɗaki da ke hura iska mai zafi, ya zauna na ɗan lokaci, sannan ya sauka baƙala, wato kantin unguwa.

Burin caja a wannan hali shi ne jimilla ta kai 25.2. Ƙwayoyi biyu na tsohon da ke da sauran rai ƙaramin ciki gare su, su ne za su fara cika. Lokacin da suka kai 4.2, sabon bai ƙarasa ba, matacciyar kuma tana can baya tana zubar da abin da ake ba ta. A ce sabon ya kai 12.45, matacciyar tana 3.6, saura 9.15 da ƙwayoyi biyu za su raba, fiye da 4.5 kowacce. Ƙwayar da aka tura ta wuce 4.2 da nisa haka tana tara iska, litiyam na taruwa a jikinta kamar ƙarfe, zafi na hauhawa. Ta kowace hanya aka bi, ta matacciyar ko ta 'yan'uwanta biyu da aka cika wa ciki, a tsohon batirin wutar za ta tashi. A can ɗin ta tashi.

Ƙanwarsa ce ta fara jin wari mai zaƙi-zaƙi, irin na maganin goge farce. Ta ce, "Umma, wani abu na ƙonewa a baranda." Kafin su isa batirin ya kumbura ya fara huci. Mahaifin ya yi abin da ya dace: bai taɓa komai ba, ya nufi babban makunni ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, ya sa aka fitar da yara. Ƙwayoyin suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowacce da harshen wutarta, domin zafin ta farko ne ke kunna ta biyu. Ya juye ƙasar tukwanen shukar Hajiya a kai, sannan aka bi da ruwa bokiti-bokiti. Wannan tsari daidai ne. Ƙasa ko rairayi na hana wutar kama abin da ke kusa, ruwa mai yawa kuma na sanyaya ƙwayoyin da ba su riga sun tashi ba, amma sai an raba caja da wutar gida tukuna. Abin da na ce musu su ƙara a gaba shi ne a rufe ƙofar baranda saboda hayaƙin, don yana da guba mai cin huhu, a kuma kira 'yan kwana-kwana a 998 ko 911 tun daga farko, ba sai an ga abin ya fi ƙarfi ba. Benen da matakalarsa ɗaya ce ba a jira da shi.

Da muka zauna, kowa da wanda yake ɗora wa laifi. Mahaifin ya ce zafin ƙasar nan ne da kuma kayan banza da ake shigowa da su. Yaron ya ce mai sayar da motar ne ya cuce shi. Zafi kam ya taimaka, ba na musu. Jidda ta taɓa kai digiri 52 a watan Yunin 2010, motar da aka rufe a rana kuma cikinta kan haura digiri 60 ko a ranar da ba ta kai haka ba, alhali masu ƙera waɗannan batura iyakar digiri 45 suke ba wa caji. Amma abokansa suna cikin wannan zafin, da irin waɗannan kayan, kuma baturansu suna nan. Mai sayarwa kuma bai ɓoye ba, ya faɗa masa ɗayan ya mutu. A ganina tushen lamarin shi ne sabo da tsoho da aka jera, sai kuma matakai biyu da aka tsallake gargaɗi: mayar da fulogi a filin wasa, da cire farin fulogi a baranda.

Mahaifin ya so ya hana wasan kwata-kwata. Na ce masa, "Alhaji, in ka hana a gida zai koma yi a ɗakin aboki, inda ba mai kashe makunni. Gara a tsara masa."

Abin da aka tsara

Haɗin jere ba haramun ba ne a wannan harka. Motar ma don shi aka ƙera ta. Sharaɗinsa shi ne baturan su zama abu ɗaya a komai: kamfani ɗaya, ciki ɗaya, lambar C ɗaya, an saye su rana ɗaya. Ya sayo biyu tare, muka rubuta musu alama ɗaya da alƙalamin maka, kuma ba a ba da aron guda. Tare suke fita, tare ake musu caji, don su tsufa tare. Kafin a haɗa, ana duba ƙwayoyi shidan da ƙaramar mita ta farin fulogi. In bambanci ya wuce 0.05 ba a haɗawa sai an daidaita. Na'urar gudu mun saita ta da hannu a kan 6S, mun ɗaga iyakarta zuwa 3.4. Na kuma sa ya sayi 'yan ƙararrawa biyu masu arha da ake maƙalawa a farin fulogin kowane batir, su ne idon da na'urar gudu ba ta da shi, suna kuka da zarar ƙwaya ɗaya ta taɓa 3.5. In za a ajiye batura fiye da kwana biyu ko uku, ana barin su a wajen 3.8, ba a cike ba, ba a bayan mota ba.

Wayar jeren na sake masa ita da waya mai kauri, lamba 10, gajera, an like da dalma sosai. Fulogin da ke shiga na'ura na sa masa XT90 mai hana tartsatsi. A bolt 25, lokacin da aka sa fulogi kafasitocin na'urar, wato 'yan ma'ajiyar wuta da ke cikinta, kan zuƙi wuta farat ɗaya, tartsatsin yana cin bakin fulogi a hankali har turjiya ta ƙaru a wurin; mai hana tartsatsin yana da 'yar rezista da ke fara taɓawa ta cika su sannu.

Wajen caji na tsaya kai da fata: a raba su, kowanne da farin fuloginsa. Akwai wayoyin da ke mayar da fararen fulogi biyu su zama na 6S guda, kuma suna aiki, amma in aka juya tsarinsu, wato aka sa na batirin sama a gurbin na ƙasa, siraran wayoyin za su haɗa wutar batir guda kai tsaye su yi ja nan take. Haka ma wanda ya manta wayar jere a haɗe ya soka fararen fulogi biyun a allon caji na faralel, wanda ke haɗa batura gefe da gefe, ja da ja, baƙa da baƙa. Caja mai baki biyu ta kawar da duk wannan, ita ya saya. Cajin kuma ana yin sa ne a akwatin ƙarfe da rairayi a gindinsa, murfin ba a kulle ba don iska ta samu mafita, a saman bene bayan siminti ya huce, shi kuma yana wurin har a gama.

Ana wannan magana mahaifin ya tuna da nasa. Yana shirin aika batir mai bolt 12 guda ɗaya Kano, don ɗaya daga cikin biyun da ke kan inbatarsu mai bolt 24 ya mutu. Lamari ɗaya ne, girma ne kawai ya bambanta. Sabon zai bi tsohon, don haka ko a canza biyun ko a haƙura. Haka kuma kada a riƙa jan wutar fanka ko fitila daga guda ɗaya cikin biyun da ke jere. In kuma na litiyam ne masu allon kariya a ciki, irin na injin huda bango ko na sola, akwai ƙarin sharaɗi: idan allon guda ya yanke, wutar jeren gaba ɗaya na iya sauka a kan transistocinsa, waɗanda wataƙila an zaɓe su ne don wutar batir guda. Ba a jera irin waɗannan sai mai ƙera su ya rubuta cewa an yarda, da kuma guda nawa.

Wani zai ce me ya hana a sayi 6S guda a huta? In gurbin mota zai ɗauka, ni ma shi na fi so, don a masana'anta aka tace ƙwayoyinsa kuma farin fuloginsa ɗaya ne. Sai dai biyun suna da wata fa'ida ga mutanenmu masu zirga-zirga tsakanin Jidda da gida. Mai 3S, 5000mAh, ƙarfinsa 55.5Wh ne, 11.1 sau 5. Mai 6S irinsa 111Wh. Ƙa'idar jiragen sama ta yarda da batirin da bai wuce 100Wh ba a jakar hannu. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, kuma biyu kacal. A kowane hali ba a sa su a kayan awo, kuma ana rufe bakin fulogi da tef. Wannan ƙa'ida da dalilinta: a watan Satumban 2010 wani jirgin kaya na UPS ya faɗi kusa da Dubai bayan gobara ta tashi a kayan da ke ɗauke da baturan litiyam masu yawa, matuƙansa biyu suka rasu. Masu cusa irin waɗannan batura cikin buhunan kago ba tare da faɗa ba su yi wa Allah su daina.

Saura batirin da ya tsira, wanda yake sabo a lokacin. Mita ta nuna ƙwayoyinsa lafiya, amma ledar jikinsa ta narke ta gefe ɗaya, don yana manne da wanda ya ƙone. Yaron ya roƙa a bar masa shi: "Kawu, ko wata biyu bai yi ba." Na ƙi, domin fatar da ke raba cikin ƙwaya roba ce siririya, zafin da ya narkar da ledar waje zai iya taɓa ta ba tare da mita ta nuna ba yau. Mun sa shi cikin bokitin rairayi a saman bene, muka haɗa masa ƙwan fitilar mota mai bolt 12 har ya mutu, muka bar shi a haɗe kwana guda, mita ta nuna sifili, sannan muka murɗe jar wayar da baƙar wuri ɗaya aka kai shi inda ake karɓar tsofaffin kayan lantarki. Sababbin biyun yana rubuta bolt ɗin ƙwayoyinsu a wayarsa bayan kowace fita. Mun yi da shi cewa ranar da tazarar da ke tsakanin baturan bayan tuƙi ta kai 0.1 a kan ƙwaya, za a raba su, kowanne ya koma aiki shi kaɗai a matsayin 3S.